Yadda zaka kalli tsuntsaye ka kuma ɗauke su hoto a bayan gidanka

Ka taɓa lura da yadda kurciya take shan ruwa? Ita in ta tsoma baki bata ɗagowa sai ta ƙoshi, zuƙa kawai take yi. Amma gwara da sauran ƙananan nan sai sun ɗiba, su ɗaga kai sama ruwan ya gangara, su sake tsomawa. Shekara da shekaru ina ganin kurciyoyi ban taɓa sanin haka ba sai ranar da na zauna da niyyar kallo, kuma daga nan ne abin ya shiga raina har ya kai ni ga ɗaukar hoto. A duniya akwai tsuntsaye sama da iri 10,000, kuma duk ƙanƙantar bayan gidanka in dai akwai bishiya ko da guda ɗaya ce a kusa, ko katanga, ko wayar lantarki, to wasu daga ciki suna ratsawa kullum, kai ne dai baka duba ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: ba kai zaka bi tsuntsu ba, shi zai zo inda ka shirya masa. Duk wanda ka ga yana sanɗa da waya a hannu yana bin tsuntsu daga reshe zuwa reshe, hoton jela zai samu, ko hoton reshe babu kowa a kai. Na yi wannan wahalar, na cika memori da hotunan ganye. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: sati ɗaya ba kamara

Na san da wuya, amma ajiye kamarar. Ka samu wuri ka zauna kullum kamar minti 15 zuwa 30, da sassafe bayan gari ya waye zuwa hantsi, sai kuma da yamma kafin rana ta faɗi. Lokutan nan biyu su ne na neman abinci, da tsakar rana yawancinsu suna cikin inuwa sun yi lamo. Ka riƙe ɗan littafi da biro, ka rubuta wa ya zo, ƙarfe nawa, ta ina ya shigo, a ina ya sauka.

Wannan na ƙarshen shi ne sirrin. Tsuntsu baya faɗowa kan abinci ko ruwa kai tsaye daga sama, sai ya fara sauka a wani wuri kusa, kan katanga ko wani busasshen reshe, ya leƙa dama ya leƙa hagu, ya tabbata ba mage ba shaho, sannan ya diro. Kuma zaka ga kusan kullum wuri ɗaya yake zaɓa. To wannan wurin tsayawar nan ne hotonka yake, ba kan kwanon ba. In ka gano shi ka gama rabin aiki.

Mataki na biyu: ruwa

In aka ce in zaɓi abu ɗaya tak, ruwa zan zaɓa ba abinci ba. Dalili kuwa hatsi masu cin hatsi kaɗai yake jawowa, amma ruwa kowa na so, mai cin ƙwari da mai shan ruwan fure da mai cin 'ya'yan itace duk sai sun sha sun yi wanka, musamman lokacin zafi.

Ka samu faranti ko kasko mai faɗi mara zurfi. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 5 a tsakiya, bakinsa kuma kamar santimita 2, wato dai ruwan da zai tsaya wa ƙaramin tsuntsu a ƙafa zuwa ciki. Bokiti ko roba mai zurfi haɗari ne, ƙaramin tsuntsu zai iya faɗawa ya kasa fita. In ƙasan yana da santsi ka zuba tsakuwa, ka sa dutse ɗaya ko biyu da suka ɗan fito saman ruwa don su samu wurin taka ƙafa.

Sai dabarar da ta fi ba ni mamaki. Ka ɗauki tsohuwar gorar ruwa ta roba, ka huda gindinta da allura huji ɗaya ƙarami, ka cika ta ka rataye saman kaskon yadda zata riƙa ɗiga ɗis, ɗis. In tana zuba da sauri ka ɗan ƙara ɗaure murfin, in ta ƙi ɗiga ka sassauta. Ƙarar ɗigar da motsin da ruwan yake yi suna kiran tsuntsu daga nesa fiye da ruwan da yake kwance shiru. Ni dai kwana huɗu kaskona ya yi babu wanda ya kula shi, na rataya gora, washegari da safe sai ga gwara biyu, bayan su wasu suka biyo, tunda tsuntsu in ya ga ɗan'uwansa ya sha lafiya ya tashi lafiya shi ma sai ya saki jiki.

Inda zaka ajiye shi: a inuwa ko rabin inuwa, kamar mita 2 zuwa 3 daga wata bishiya ko shuka mai duhu. Kusa yadda in shaho ya kawo farmaki zasu samu mafaka, amma ba manne da ita ba yadda mage zata laɓe ta yi tsalle ɗaya. Ka tuna tsuntsun da ya jiƙe baya tashi da sauri.

Ruwan nan ka canza shi kullum, in ya yi yawa bayan kwana biyu, ka goge kaskon da buroshi. Ba don tsafta kaɗai ba, sauro yana ƙwai a ruwan da ya kwanta kuma cikin kamar sati ɗaya zuwa kwana 10 ya zama babba, kada garin neman hoto ka buɗe wa gidanku gonar sauro.

Mataki na uku: abinci, amma da hankali

Ƙananan hatsi irin su gero da 'ya'yan furen sunflawa sun isa ga masu cin tsaba. Yankakken 'ya'yan itace da suka nuna yana jawo wasu daban. Ka zuba kaɗan, abin da zasu cinye a yini, don ragowar da ta kwana ɓera take kira.

Abin da bazaka ba su ba: duk abin da aka sa wa gishiri ko mai, da burodi (yana cika musu ciki ne kawai ba wani amfani), da afokado don guba ne ga tsuntsaye da yawa, da kuma uwa uba hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna, akwai gubar da ake kira afulatoksin a ciki, tana lalata musu hanta. Wurin abincin kuma ka wanke shi aƙalla duk sati biyu, ruwan bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, ka ɗauraye sosai ka bari ya bushe. In ka ga wani tsuntsu ya kumbura gashi yana zaune shiru yana fama da haɗiya, musamman kurciya, to ka kwashe abincin da ruwan gaba ɗaya na sati biyu ko fi, cuta tana yaɗuwa ne a inda suke cunkushewa suna ci suna sha a kwano ɗaya.

In kana da fili, shuka ta fi duk wani kwano. Bishiya ko fure irin na yankinku, ka kuma rage fesa maganin ƙwari, don yawancin ƙananan tsuntsaye da ƙwari da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu ko da su manyan tsaba suke ci.

Mataki na huɗu: kafa reshe, ka duba rana, ka duba baya

Nan ne aikin mai hoto yake. Ka nemo busasshen reshe mai kyau, mai ɗan lanƙwasa, kaurinsa kada ya wuce yatsa in ƙananan tsuntsaye kake hari, don ƙaramin tsuntsu a kan gungume ɓacewa yake. Ka ɗaure shi a jikin sanda ko ka kafa shi cikin tukunyar ƙasa, kamar rabin mita zuwa mita ɗaya daga ruwan, ya ɗan fi ruwan tsayi. Ka ba su kwana biyu uku, zaka ga sun mayar da shi wurin tsayawarsu.

Kafin ka kafa, tsaya a inda zaka riƙa zama da safe ka duba inuwarka. Inuwarka ta nuna wajen reshen, ma'ana rana tana bayanka tana haska gaban tsuntsun. In rana tana gabanka baƙin abu kawai zaka samu mai siffar tsuntsu. Hasken safe da na yamma mai taushi ne, yana fito da launin gashi, yana kuma sa ɗan ɗigon haske a idon tsuntsu, kuma wannan ɗigon shi yake sa hoto ya yi rai. Ranar da aka yi lumshi ma tana da kyau, ba inuwa mai kaifi. Tsakar rana ce dai bana ɓata batir a kanta.

Sai abin da yake bayan reshen. Mutane suna manta wannan, sai an gama a ga igiyar shanya da bokiti da tsohuwar taya sun fito raɗau a bayan tsuntsu. Ka sa bayan ya zama ganye ko inuwa, kuma ya yi nisa, mita 4, 5 ko fi. Ƙa'idar ita ce kai ka matso kusa da tsuntsu, bango ya yi nisa da shi, sai bayan ya narke ya zama launi ɗaya mai laushi tsuntsun ya fito shi kaɗai. Wani lokaci matsar da kujerarka taku ɗaya gefe ya isa ya kawar da abin da ke ɓata hoton.

Mataki na biyar: ɓuya

Idon yawancin tsuntsaye a gefen kai yake, tattabara tana ganin kusan duk kewayenta ba tare da ta juya ba, saboda haka batun ka zagayo ta baya ka manta da shi. Motsi ne yake korarsu fiye da komai. Mafi sauƙin maɓoya ita ce ɗakinka: ka buɗe taga, ka saki labule, ka bar 'yar kafa da lens, wato gilashin gaban kamara, zai leƙa, ka kashe fitilar ɗakin. Kada ka ɗauka ta cikin gilashi ko ragar sauro, hoton dishi-dishi zai yi. In ba taga a wajen, ka rataya tsohon bargo ko zani mai duhun launi tsakanin sanduna biyu ka huda shi, ka bar shi a wurin kwana da kwanaki har su saba.

Ka shiga kafin su fara zuwa, kaya marasa ƙyalli, waya a sailent. In zaka ɗaga kamara ka ɗaga a hankali kamar mai ciwon kafaɗa. Kuma kada ka ɗauki tsuntsun farko da ya sauka, ka bari ya sha ya tashi, shi ne ɗan leƙen asiri, in ka firgita shi ka kori na bayansa.

Mataki na shida: sanin wa kake kallo

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 shi aka fi so a wannan harka, 8 ɗin yana nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wanda ya wuce sau 10 rawar hannu zata dame ka. Dabarar amfani da shi: ka kafa ido a kan tsuntsun, kada ka sauke kai, ka ɗago madubin zuwa idonka. In ka kalli madubin tukun ka rasa shi kenan.

Wajen ganewa kada ka fara da launi, launi yana yaudara, haske yana canza shi, kuma a iri da yawa namiji daban mace daban, wasu mazan ma kamar marai sai lokacin aure suke sa kayan ado, bayan nan launinsu ya dushe su koma kamar matan. Ka fara da girma: ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka? Sai baki, gajere mai kauri na fasa tsaba ne, siriri na kama ƙwari, dogo mai lanƙwasa na shan ruwan fure, mai ƙugiya na cin nama. Sai jela, sai tafiya, tsalle yake ko taku. Sai kuka, kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi, kuma da yawa zaka ji su tun kafin ka gansu.

Akwai manhajar Merlin Bird ID ta sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke Amurka, zaka iya ba ta hoto ta kawo maka sunayen da take zato, tana kuma sauraren kuka, sai dai ta fi ƙwarewa a wasu yankunan duniya fiye da wasu, don haka kada ka ɗauki maganarta kamar yankan wuƙa, ka haɗa da idonka.

Mataki na bakwai: saitin kamara

In kana da babbar kamara, lens daga milimita 300 zuwa sama shi ne daidai, 400 ko 600 ya fi, amma tunda ka jawo su kusa 200 ma zai yi aiki. Abu mafi muhimmanci shi ne gudun shota, wato saurin da kamara take buɗe ido ta rufe in ta ɗauki hoto. Ƙaramin tsuntsu ko yana zaune kansa baya tsayawa, don haka kada shota ta yi jinkiri fiye da 1/500 na sakan, in haske ya isa ka kai 1/1000. Na wanka ko na tashi sai 1/2000 ko fi, a nan ne zaka ga ɗigon ruwa ya daskare a iska. Ƙofar haske ka buɗe ta, f/5.6 zuwa f/8. ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, ka bar shi a oto, kuma kada ka ji tsoron ya hau 1600 ko 3200, hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi, wanda ya yi rawa kuwa sai shara. Fokas ka sa mai bin motsi, wanda ake rubutawa AF-C ko AI Servo, ka ɗora shi a ido. In ido ya fito tsaf an yafe sauran, in ido bai fito ba ko gashin ya yi kyau hoton ya mutu. Ka kunna ɗauka a jere, ka kashe ƙarar shota in kamarar tana da wannan, filasha kuma ka bar ta a kashe.

Fari ko baƙin tsuntsu yana rikita kamara. Balbela a rana sai ta fito kamar farar takarda ba gashi, ka rage hasken kaɗan. Baƙi a gaban sama mai haske kuma ka ƙara.

Mai waya fa? Kada ka karaya, amma ka daina jan zum da yatsa har ƙarshe, yanka hoton kawai yake yana buɗa shi. Hanya biyu ce. Ta farko ka kafa wayar kusa da reshen ko ruwan, kamar rabin mita, ka jingina ta da dutse ko ka ɗaure a sanda, ka danna ka riƙe kan reshen har fokas ya kulle, sannan ka koma maɓoya ka riƙa ɗauka da ɗan rimot na bulutut. Ko ka kunna bidiyo kawai ka tafi abinka, daga baya ka ciro hoton da kake so, kuma bidiyo mai tafiyar hawainiya na tsuntsu yana wanka abin kallo ne wallahi. Ka dai kula kada wayar ta zauna a rana ta yi zafi. Ta biyu ka manna idon kamarar wayar a idon madubin hangen nesa, da farko zaka sha fama da baƙin zobe a gefe, amma akwai ɗan maƙali da ake yi don haka, in an ɗora a kan abu mai ƙafa uku yana fitowa ba laifi.

Ka sauko daidai tsayin tsuntsun. In a ƙasa yake cin abinci ka kwanta rub da ciki, hoton da aka ɗauka ido da ido daban yake da wanda aka ɗauka daga sama. Ka bar ɗan fili a gefen da yake kallo. Kuma ka koyi karanta shi: in ya ɗan durƙusa ya miƙa wuya, ko ya yi kashi, to tashi zai yi, fara dannawa tun kafin ya buɗe fiffike. Bayan wanka kusan kullum sai ya koma reshe ya girgije ya gyara gashi, nan zaka samu sakan da yawa.

Abubuwan da bai kamata ka yi ba

Tunda kai ka kira su, amanarsu tana wuyanka. Mage ita ce babbar matsala, wani bincike da aka fitar a 2013 ya ƙiyasta maguna suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa 4 duk shekara a Amurka kaɗai. In kana da ita ka tsare ta a ɗaki da safe da yamma, in ta maƙwabta ce take shigowa ka ɗaga ruwan sama da ƙasa ka share maɓoyarta. Gilashin taga ma yana kashe su, suna ganin hoton bishiya a jiki su taho da gudu. Shi ya sa ake cewa wurin abinci ya kasance ko dai ƙasa da mita 1 daga gilashi, yadda basu da filin ɗaukar gudu, ko kuma ya yi nisa kamar mita 10.

Sheƙa kuma ka bar ta. Kada ka yanke ganyen da ya rufe ta don hoto ya fito, ganyen nan ne yake kare 'ya'yan daga rana da hankaka. In ka ga uwa da tsutsa a baki tana ta kewaye ta ƙi shiga, kai ne matsalar, ja da baya. Ɗan tsuntsun da ka gani a ƙasa da gashinsa yana tsalle-tsalle ba maraya bane, koyon tashi yake iyayen suna kusa. In tsirara ne ba gashi kuma kana ganin sheƙar, mayar da shi, zancen wai uwa zata ƙi shi don ta ji warin hannun mutum ba gaskiya bane. Kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito, ni bana yi, namijin yana ɗauka kishiya ce ta shigo masa gida, ya bar abin da yake yi ya zo faɗa da iska.

Bayan ka gama

A cikin hoto 300 in ka samu biyar masu kyau ka yi kasuwa, haka abin yake ga kowa. Ka goge sauran tun a ranar kafin su taru su fi ƙarfinka. Gyara kaɗan ya isa, ka yanke gefe, ka daidaita haske, amma kada ka cika launi har tsuntsun ya koma abin da babu shi a duniya. Sunan fayil ka sa kwanan wata da sunan tsuntsun.

Littafin nan na sati na farko kada ka yar da shi, ci gaba da rubutawa, bayan shekara zaka ga wasu baƙi ne, wata kaza suke zuwa wata kaza su ɓace. In kana so lissafinka ya yi wa masu bincike amfani akwai shafin intanet na eBird, wanda aka fara a 2002, kana shigar da abin da ka gani da wuri da lokaci. Akwai kuma ƙidayar tsuntsayen bayan gida da ake yi kwana huɗu a duk watan Fabrairu tun 1998, daga 2013 aka buɗe ta ga duk duniya, minti 15 kawai ake nema ka zauna ka ƙirga.

Wata rana kana zaune zaka ji wurin ya yi tsit lokaci ɗaya, kowa ya watse cikin ganye, ko kuma ƙananan su ɓarke da tsiwa gaba ɗaya suna kallon wuri guda. Kada ka tashi ka ce yau ba sa'a. Ɗaga kai a hankali ka duba sama da kan katanga, ka mayar da shota 1/2000, shaho ne ko shirwa ta zo wucewa.